Motar da Ke Kan Layi

Mairama na ganin yayanta Nasidi ya saki buhun gero a tashar mota ya dafe ƙirji, sai ta ruga wajensa. Haka mijinta ya yi bara, bai kuma ƙara tashi ba. Zufa mai sanyi ta wanke wa Nasidi fuska. Ya ce ji yake kamar an kifa masa turmi a ƙirji, ciwon na bin hannun hagu har muƙamuƙi.

"Yaya, zamna ka jingina," in ji ta. "Wanga ciwon zucciya na. Asibitin Ƙaura za mu, yanzu-yanzu."

Kafin ta rufe baki mazan 'yar tashar sun yanyame su, kowa ya zama likita. Wannan ya ce olsa ce, a jiƙa kanwa. Wancan ya ce iska ce, a yi hayaƙi. Wani ƙaton banza ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, iyakar basirarsa ke nan. Mairama ba ta ko dube su ba. Ta karɓo asfirin a kemis, ta sa Nasidi ya tauna, ta juya neman mota.

Mota kuwa ga ta nan. Jabir direba har ya buɗe ƙofa, sai Ado ɗan kamasho ya taso yana gyara hula, shi a dole mai doka.

"Kai Jabir, ba kai ab bisa layi ba. Motar Auwal ta."

"To ina Auwal?" in ji Mairama.

"Ya tahi cin tuwo. Ki yi haƙuri, Hajiya, tasha da tsari take."

Tsari! Mutum na haki kamar an shaƙe shi, su kuwa gardawa sun kafa mahawara a kansa, ana tuno wanda ya tsallake layi ran kasuwar Shinkafi da irin horon da ya sha. Jabir ya ji an ambaci kora daga tasha, sai ya sulale ya mayar da ƙofarsa ya rufe a hankali. Mairama ta raina shi fiye da Ado, don shi ya san daidai.

Ta roƙa, ta zaga, ta sake roƙo. Ko da Auwal ya iso yana suɗe yatsu, kan Nasidi ya riga ya langaɓe a kafaɗarta.

Nan take tashar ta cika da salati. Kowane direba ya tayar da mota, kowa na son ladan kai gawa garinsu Ɗan Isa. Ado da kansa ya zo yana share ido da hannun riga, yana cewa ta zaɓi wadda take so.

Mairama ta cire mayafinta ta lulluɓe yayanta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kashe motocinku," in ji ta. "Yanzu ba shi sauri."