Lanƙwasa ta Bakwai

Matata ta rasu ranar Talata da hantsi. Ta bar mini gida, da ƙaninta, da wani zanen alli a simintin gareji.

Gidan ban da ƙorafi a kansa, ba ya magana. Ƙanin nata kuwa, wanda dangi ke kira Auta ko da yake ya ba sittin baya, shekara talatin ya yi yana karanta mitar ruwa gida-gida. Da ya yi ritaya sai ya wayi gari ya ce shi maƙeri ne. Babu maƙeri a zuriyarsu. A waya ya koya, wurin wasu ƙarti da ke bugun ƙarfe a bidiyo. Matarsa ta kore shi da kayansa saboda hayaƙi, matata kuma, da ba ta taɓa iya ce masa a'a ba, ta ba shi garejina. Ba a tambaye ni ba. Uwar maƙerarsa guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa ce, murhunsa tsohon wilin mota, zugazuginsa kuma na'urar busar da gashi ce da ya sato a ɗakin matarsa. Cikin shekara biyu ya ƙera maratayin riga goma sha ɗaya, da wani abu da ya ce cokali ne.

Ni kuwa shekara talatin da shida na yi a maɗaba'a ina gyaran rubutun mutane. Ganin kuskure shi ne sana'ata. Har takardar maganin matata na samu kuskure biyu a ciki, na nuna wa likita, bai gode ba.

Zanen na ƙofa ne. Tsohuwar ƙofarmu ta waje tsatsa ta cinye ta, makullinta ya daina kamawa, da waya muke ɗaure ta. Wata biyar kafin rasuwarta, matata ta durƙusa a gareji ta zana sabuwa, daidai tsayinta da faɗinta, don Auta ya ce haka ake yi: a zana a ƙasa, a riƙa kara ƙarfen a kan zanen ana gwadawa. Sanduna tara ne a tsaye, matse da juna, da lanƙwasa takwas masu kamar bayan katantanwa, huɗu a kowane gefe. Ban ga lokacin da take zanawa ba. Ina falo ina karatu.

Da masu gaisuwa suka watse da mako guda, Auta ya shigo mini ba sallama, sanye da wata rigar fata mai ƙamshin tsohon takalmi.

"Ƙamus, tashi. Mai bugu nake nema."

Ƙamus yake kirana tun ranar da aka kai ni gidansu yana ɗan shekara ashirin da wani abu. Na yi ta gyara masa, ya ƙi gyaruwa.

"Ka nemi lebura," na ce.

"Allin yana gogewa. Iska na ci, toka na ci, jiya ma na taka kusurwa ɗaya. In ba mu gama kafin ya ɓace ba, shi ke nan, babu wani. Yaya ba ta zana a takarda ba."

"Ba ka ɗauka a wayar taka ba? Ai ita ce malamarka."

"Na ɗauka. Hoto ba ya ba da awo. Tashi, mijin Yaya, zaman nan bai karɓe ka ba. Ka yi kama da kujerar."

Na tashi, ba don shi ba. A duk gidan, zanen nan ne kaɗai abin da hannunta ya yi wanda ba a wanke ba, ba a rabar ba.

Auta ya kewaye shi da bulo kamar kabarin waliyyi. Ya miƙo mini babbar guduma, ya riƙe ƙarama, ya bayyana mini doka. Inda ƙaramar ta taɓa, nan zan buga. In ta taɓa da ƙarfi, in buga da ƙarfi. In ya kwantar da ita a kan uwar maƙera, in tsaya. Ba magana, don kafin a gama jimla ɗaya ƙarfe ya huce.

"Kai da jimlolinka, sai mu kwana," ya ce.

Haka na koma yaron mai karanta mita. Mutumin da bai taɓa gama littafi ba yana nuna mini wuri da guduma kamar ana nuna wa jaki hanya, ni kuma ina bi. Na nemo littattafai uku a kan ƙira na karance su cikin kwana huɗu. Na gaya masa launin da yake cire ƙarfe bai kai ba, marubutan sun ce sai ya yi ruwan lemo mai haske.

"Marubutan su zo su riƙe awartaki," ya ce. "Buga."

Abin haushi, yakan yi daidai. Sai ya sirantar da bakin rodin tukuna, ya ɗora shi a gefen uwar maƙera ya karya kan kaɗan, sannan ya juya shi ya riƙa bugowa ta baya, a hankali, har ƙarfen ya nannaɗe da kansa. Ya kai kan zanen ya kara, bai bari ya taɓa allin ba, ya ƙanƙance ido, ya koma wuta. Lanƙwasa guda takan ci mana Asabar biyu. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Maƙwabciyarmu ta daina amsa gaisuwata saboda ƙara.

A lanƙwasa ta biyar muke lokacin da na ga kuskuren. Ta bakwai ce, wadda ke gefen makulli, daidai ƙugu. Duk sauran suna fuskantar 'yan'uwansu na ɗaya gefen, kowace da abokiyarta. Ita kaɗai ta juya baya, ta fi sauran ƙanƙanta, ta bar wani fili a ƙarƙashinta kamar giɓin haƙori. Sandar da ke kusa da ita ma an yanke ta a zanen, ba ta kai ba.

"Nan ta yi kuskure," na ce.

"Haka ta zana."

"Na san haka ta zana. Shi ya sa na ce ta yi kuskure. Ta gaji ne, a lokacin tana shan maganin nan mai sa jiri."

"Haka ta zana, haka za a ƙera."

"Auta, marubuci in ya mutu ya bar kuskure, gyarawa ake yi. Mutunta shi ke nan. Ba a bugawa a raba wa duniya."

"Yaya ba marubuciya ba ce. Kuma kai ba a maɗaba'a kake ba, a garejina kake."

"Garejin wa?"

Ya kwantar da ƙaramar gudumar a kan uwar maƙera. Na tsaya, don hannuna ya riga ya saba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Daga ranar ban ƙara ganin komai a zanen ba sai ta bakwai. Ina cin abinci ina ganinta. Na riƙa tunanin mutane za su wuce ta ƙofar gidana shekara da shekaru suna cewa ga gidan mai gyaran rubutu, ga ƙofarsa da ido ɗaya a karkace. Auta ya ƙera ta yadda take, 'yar ƙarama mai juya baya, ya jera ta da sauran a jikin bango. Saura haɗawa.

Sai aka kira shi asibiti aikin yanar ido, wanda ya shekara yana jira. Mako uku ba hayaƙi, ba sunkuyo.

"Ka iya ƙusa yanzu," ya ce da zai tafi. "Ka haɗa na sama. Kada ka taɓa abin da ban ce ba."

Kwana biyu na yi ina bin umarni. Ranar na uku da safe na hura wuta. Na shimfiɗa takarda a kan lanƙwasa ta uku, abokiyar ta bakwai, na kwafe ta, na juya takardar. Na jiƙa tsumma na goge ta bakwai daga simintin. Shafa biyu ta ɗauka. Na zana tawa a gurbin, na ja sandar da aka yanke har ƙasa.

Rodin farko na ƙone shi. Na bar shi a wuta na je duba shafi, da na dawo yana ta tartsatsi kamar wasan yara, bakinsa ya zama ɓawon burodi. Na biyu ya karkace. Na uku ya fito daidai, har ya fi na Auta kyau, kuma wannan ba yabon kai ba ne, awo na yi. Na huda, na sa ƙusoshi da zafinsu, na dandaƙe kawunansu. Na haɗa ƙofar gaba ɗaya na shafe ta da baƙin fenti. 'Yar ƙaramar ta Auta na jefa ta cikin tarin guntaye. Da na gama jan ƙofar a ƙasa ina juya ta ni kaɗai, abin da ya rage na zanen bai fi hazo ba. Ban damu ba. Aiki ya ƙare, kuma babu kuskure a ciki.

Auta ya dawo da baƙin tabarau, yana lalube kamar sabon makaho. Ranar ratayawa ya zauna a kujera can nesa da ƙura, yana ba mai walda umarnin da mutumin bai nema ba. Mai walda ya kafa ginshiƙai, ya rataya ƙofar, ya liƙa makullin da Auta ya sayo, irin mai kama kansa in an ja, wanda daga waje sai da ɗan makulli, daga ciki kuma ɗan harshe ake turawa. Ya tattara wayoyinsa ya tafi.

"Zo mu gani daga titi," Auta ya ce. "Daga nan ba na ganin komai sai baƙi."

Muka fita. Na ja ƙofar don mu gan ta a rufe. Ta yi ƙas, ƙara mai daɗi.

Muka tsaya a bakin kwalta. Takwas, huɗu da huɗu, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Na jira ya yaba.

"To, buɗe mu shiga, rana tana damun idona."

Na taɓa aljihun dama, na taɓa na hagu. 'Yan makullan suna kan teburin falo, a cikin littafin da na sa su alamar shafi.

Auta ya yi dariya har tabarau ya zame masa. "Ranar farko. Wallahi Yaya ta san kayanta. Sa hannu ta ƙarƙashin ta bakwai, ka karkata shi sama, za ka ji harshen."

Ban motsa ba.

"Sa hannu mana, Ƙamus."

Sai ya matsa, ya ɗaga tabarau, ya shafa ƙofar da yatsu daga sama. Ya wuce ta biyar, ya wuce ta shida. A ta bakwai ya tsaya. Ya gwada yatsu huɗu, biyu ne suka shiga.

"Ka gyara," ya ce.

"Ba ta yi daidai da..."

"Ka gyara."

"Me ya hana ka gaya mini dalili? Magana ɗaya ce."

"Ta hana. Ta ce in ka ji, za ka ce kai ba ka taɓa manta makulli ba a rayuwarka, ka sa a toshe don ka nuna mata. Ta ce a bari sai ranar da ka tsaya a waje, sannan in nuna maka." Ya mai da tabarau. "Hannunka ta auna, kana karatu. Ta ce maka safar hannu za ta saƙa. Ka ga wata safa?"

Ban ga safa ba. Na tuna zaren awon, na tuna na ce ta yi sauri zan juya shafi.

"Sai a cire ƙusoshin," na ce. "Taka tana nan cikin guntaye."

"Tana nan. Inda za ta zauna fa, da inda sandar za ta tsaya? Zanen na nan?"

Na tuna jiƙaƙƙen tsumman nan.

"Zan yanka maka rami, kada ka damu," ya ce. "Ramina ne dai, ba nata ba."

Ya tafi aron tsani wurin maƙwabciyar da ba ta gaishe ni, yana dafa bango. Na zauna a dakalin gidana kamar mai jiran bashi.

Kafin makullin tsohuwar ƙofar ya lalace, shekara talatin da huɗu ina fita sayen jarida kowace safiya, kuma aƙalla sau biyu a mako sai na buga ƙofa. Takan fito da kumfa a hannu, ko da ludayi, a baya-bayan nan tana jan ƙafa. Ba ta taɓa cewa komai ba. Ni ke magana. Ina shiga nake tambaya wa ya ɗauke mini makulli daga inda na ajiye, a gidan da mu biyu ne kawai a ciki. Sai ta ce wataƙila ita ce, ta koma kicin.

Ba ke ba ce. Ni na bar shi a kan tebur, kowane lokaci.