Saura Hannuna a Takardar

Mijina Philemon da ƙafa ya fito daga Mubi a shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garin. Kwana uku yana cikin daji, ya iso Jimeta ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura kamar doya. Bai mutu ba. Ya samu koyarwa a wata firamare a Rumde, muka ci gaba da rayuwa. Bayan shekara goma, ranar wata Asabar da ƙarfe ɗaya na rana, ya hau keke mai ƙafa uku zai sayo mini kifi a bakin gada, sai Gabriel ya bi ta kansu da mota. Nan take Philemon ya cika. Mai keken ma haka, Bobboyi sunansa, mutumin cikin Yola.

Gabriel kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Daga walimar wani abokin aikinsa yake, tun hantsi suke sha. Waɗanda suka ciro shi daga motar sun ce sai da suka jingina shi da bango, don tsayuwa ta gagare shi. Na san shi sarai. Ɗan Baba Eli ne, dattijon cocinmu. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. Shekara biyu baya ya karya ƙafar wata mai sayar da gyaɗa a Sangere, dattawa suka je roƙo, Philemon na cikinsu. Shi ne ma ya rubuta takardar janye ƙarar, wai don rubutunsa ya fi na kowa kyau.

Ran Litinin na je ofishin 'yan sanda. Mai binciken bai yi mini kwana-kwana ba.

"Madam Zipporah, hanya biyu ce. Ko dangi su sa hannu sun janye, a ba su gawa, direba ya koma gida. Ko kuma gawa ta zauna a mutuware sai likita ya duba ya rubuta, a tafi kotu. Wannan kuwa ba zan ce miki ga ranarsa ba."

Ya turo mini takarda mai layi biyu a ƙasa. Layin farko an riga an cike. Jalo, yayan Bobboyi, ya sa hannu tun ranar Asabar, aka binne ƙanensa kafin rana ta faɗi. Layi na biyu nawa ne. Na ce masa zan dawo.

A gida kuwa, ƙarƙashin rumfar zaman makoki, mahawara ake kamar a rediyo. Wannan ya ce gwamnati ta rufe mashaya gaba ɗaya. Wancan ya ce giya ba ta tuƙa mota, mutum ne ke tuƙawa. Wani da ban taɓa gani ba ya ce ai masu keke ma ba su da hankali a hanya. Na leƙo ta taga na ce masa in ya gama shan kunun ya ajiye kofin ya tafi. Ya tafi.

Ran Talata Baba Eli ya zo da dattawa uku da buhun shinkafa. Tsoho mai furfura ya durƙusa a gabana, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tausayinsa.

"Maman Marvelous, ɗana ya yi mugun abu. Amma ki duba, Musulmi ma sun yafe a rana ɗaya. Mu da ake koya mana gafara kowace Lahadi fa? Mijinki da kansa, da yana raye, kin san abin da zai ce."

Nan raina ya ɓaci. "Baba, na san abin da ya ce wancan karon. Da hannunsa ya rubuta. Ga shi can a firji."

Suka bar shinkafar suka fita.

Da yamma surukata ta kira daga ƙauyenmu a Guyuk. Tsohuwa ce, ido ɗaya ya rage mata. Ta ce samari sun gama haƙa kabari a bayan gida. Ta ce, "'Yata, ni ban san kotu ba. Ki kawo mini ɗana in sa shi kusa da ubansa." Wannan ce ta karya ni. Na ce mata to, gobe zan sa hannu, jibi mu taho.

Laraba da safe na sa biro a jaka. Amma na ga bai dace in rufe magana ban je na yi wa iyalin Bobboyi gaisuwa ba, tunda tare suka tafi. Na hau keke zuwa cikin Yola, hannuna a ƙanƙame da ƙarfe har muka isa.

Na tarar da maza a ƙofar gida kan tabarmi. Jalo ya amsa gaisuwata da mutunci, ya ce ƙaddara ce, Allah Ya ba mu haƙuri duka. Aka shigar da ni ciki wajen matar, Aminatu. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, tana zaune a ƙuryar ɗaki tana takaba, jariri a cinya. Muka gaisa. Da sauran matan suka fita, ta matso, ta kira ni Adda, wato yaya a Fillanci.

"Adda, kin sa hannu?"

"Daga nan can zan wuce."

Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ni ba a tambaye ni ba. Ina ɗaki aka ce Hamma Jalo ya gama. Ban ga laifinsa ba, mu ba ma barin gawa ta kwana. Amma ko sunan mai motar ba a gaya mini ba. Wata huɗu da kwana goma ba zan taka waje ba. Kafin in fito, yana kan hanya da motarsa."

Na ce, "Gabriel sunansa."

Ta maimaita sunan a hankali. Sai ta ce, "Ke an tambaye ki, Adda."

Ba ta roƙe ni komai ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, na sha, na fito.

A ofishin 'yan sanda mai binciken ya zaro takardar tun kafin in zauna. Baba Eli na kan benci a waje, shi da mukullin motar da za ta ɗauki akwatin gawa. Na dubi layin nan nawa, na tura takardar baya. Na ce a kira likita.

"Madam, zai iya kai wata biyu fa. Ko fiye."

"Na ji."

Da na fito Baba Eli ya miƙe. Na ce masa, "Baba, gafara ina roƙon Allah Ya ba ni ƙarfin yinta. Hannu ne ba zan sa ba." Ya koma ya zauna. Na san ran Lahadi rabin coci ba za su gaishe ni ba.

A gindin wata dalbejiya na tsaya na kira surukata. Na gaya mata ba za mu zo gobe ba, na gaya mata dalili, ban rage komai ba. Na ce a samu abin da za a rufe ramin da shi, damina ce, kar ruwa ya cika shi.



"Philemon ba ya son sanyi," in ji ta.

"Na sani, Mama."

Na ji ta ja numfashi, ta janye wayar daga bakinta, tana kiran wani a tsakar gida. Ta ce masa ya hau ya ciro falle biyu na kwanon ɗakin Philemon, na lokacin da yake saurayi, su za su isa a rufe ramin.