Sai Jannatu Ta Fara Ci

Inna ta daina cin abinci tun kafin sanyi ya sauka a Tamanrasset. Kakata ce, uwar Babana, tsohuwar da a da ko ƙashi ba ta bar wa kyanwa. Yanzu ko kunu aka kai mata baki sai ta kau da kai ta ce, "Bari ta fara ci." Wa? Ba ta faɗa. Likita ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba, tsufa ne. Ni kam haushi ya kama ni, yaushe tsufa ya fara ɗinke baki? Tana ta ramewa a gabanmu har awarwaronta ya koma zamewa zuwa gwiwar hannu, ni kuwa kullum da tsoro nake ɗaga labulen ɗakinta.

Tsabar da ake kira kinuwa ba don ita aka kawo ba. Baba ne ke da ciwon sukari, an ce ya rage shinkafa da kuskus da burodi, wato an hana shi duniya. Sai wani Balarabe maƙwabcin shagonsa ya kawo masa tsaraba daga Alje, babban birnin ƙasar, wata tsaba cikin leda mai ƙyalli, wai ita masu irin ciwon ke ci. Baba kuwa in dai abu ya zo cikin leda mai ƙyalli, to ya gama yarda da shi.

Ni aka bar wa girkin. Ƙanana ne, kamar geron da bai samu ruwa ba. Ina zuba musu ruwa sai kumfa ta taso.

"Laure, sabulu kika sa?" in ji Mama.

Na ce a'a. Ta ce to in tsiyaye haka nan, ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan. Wanki ɗaya na yi. Daga baya na ji cewa sai an yi ta wankewa ɗacin ke fita, amma lokacin aikin gama ya gama. Da ta nuna na buɗe tukunya, kowace ƙwaya ta fitar da wani farin zare ya nannaɗe ta. Mama ta leƙa ta yi a'uziyya, ta ce tsutsa. Na ce ba tsutsa ba ce, ko da yake ni ma tsigar jikina ta tashi.

Bayan magariba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na zuba wa Baba nasa kwanon da miyar kuɓewa, ni da Mama namu. Mama ta kai loma ɗaya ta yamutsa fuska. Baba ya tauna tasa ya ce, "Ai magani dama da ɗaci." Bai kai ta biyu ba. Ya tsaya da lomar a hannu, yana kallon ƙofar Inna.

Tana tsaye, dafe da bango. Matar da sai mun cicciɓe ta take alwala.

"Wane gida kuka tona?" ta ce, tana shaƙar iska. "Mahamadu, kun dai bar musu nasu?"

"Mun bar musu, Inna," in ji Baba. Ban taɓa jin muryarsa ta ƙanƙance haka ba.

Na ce, "Baba, su wa?"

"Tururuwa," ya ce a hankali. "Shekarar yunwa, da muka baro ƙauyenmu muka yo nan, abinci ya ƙare mana a hanya. Buzaye suka nuna mana tona gidan tururuwa, a ɗebi tsabar ciyawar da suka tara, a bar musu saura. Ɗacin nan ne, Laure, shi ne sak. Ni na ci. Ƙanwata Jannatu ba a daɗe da yaye ta ba, da an sa mata a baki sai ta tofar. Inna ta rantse ba za ta ci ba sai Jannatu ta ci." Ya ajiye lomar. "Can muka rufe ta, gefen hanya."

Na girma a gidan nan, ban taɓa jin sunan ba.

Inna ta zauna. Na zuba mata a ƙaramin kwano, ta hana ni sa miya. Ta kwance gefen zanenta, ta gyara shi a gabanta kamar mai rufe wa yaro ƙafa saboda sanyi, ta tura kwanon tsakaninta da wurin da babu kowa. Ta yi bisimilla, ta jira.

Muka zuba mata ido. Rediyon maƙwabta da ke damunmu kullum, ranar ban ji shi ba. Sai Inna ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa ɗan yaye.

"Yawwa. Haɗiye. Ba ɗaci, 'yar Inna, haɗiye."

Sannan ta sa hannu. Wallahi ta ci. Loma bayan loma, tana lasar yatsu, tana cewa, "Ci gabanki, in ci gabana." Daɗi ya cika ni har na yi hawaye, na ce a raina gobe ma ita zan dafa, jibi ma, ko ledar ta ƙare sai an nemo wata. Baba ya rufe fuska da rawaninsa.

Da ta gama ta sha ruwa, ta dubi Baba. "Ƙanwarka ta ci, Mahamadu. Yanzu za mu iya tashi." Ta miƙe, ta sunkuya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirji kamar mai goyo, ta shige ɗaki ba ta dafa bango ba.

Ni na kwashe kwanuka. Inna ita ta koya mini cewa kowa gabansa yake ci, ba a tsallaka hannu gaban wani, kuma ina kallonta tun bisimilla har ta sha ruwa, hannunta bai tsallaka ba. Gabanta ta share shi tas. Amma can ɗaya gefen akwai wani ɗan rami, da sawun 'yan yatsu, ƙanana, waɗanda ba su kai rabin nawa ba. Na nuna wa Mama. Ta karɓe kwanon ta kife.

Da asuba na ɗumama sauran na kai mata, ina murna. Na tarar da ita kwance ta gefe, ta matsa can bakin katifa ta bar fili a bayanta, zanen yana ɗaure a ƙirjinta. Na kira ta, na sake kira. Jikinta ya riga ya yi sanyi.

Wurin da ta bari a bayanta kuwa, da na dafa, da ɗumi.