Wasan da Davou Ya Dakatar

"Dakatar da shi, Malam. Danna na tsakiyan."

Malam Misbahu ya danna. Kiɗan ya ɗauke, 'yan mutanen biyu suka sandare a fuskar talabijin, mai farar hula ƙafarsa ɗaya a sama, mai baƙar hula a bayansa, a daidai bakin wata ƙofar ƙarfe da aka yi shekaru ana nema ba a taɓa kaiwa ba sai yau. Ya juyo zai yi tsiya, don Davou ne kullum mai cewa namiji ba ya dakatar da wasa, sai ya ga hannun gem ɗin, abin sarrafa wasan, ya sulale daga yatsun maƙwabcin nasa ya faɗi a ledar ɗaki. Gumi ya jiƙa masa singileti sharkaf.

"Oga Davou, lafiya?"

"Jiri ne kawai. Kada ka kashe fa. Ka ji ko? In ka kashe, sai daga farko."

"Wa yake ta wani gem? Tashi mu je asibiti."

"Ni nake ta shi. Talabijin za ka iya kashewa, amma na'urar a bar ta. Ka ga jar fitilar nan? Muddin tana ci, mutanenmu suna nan tsaye."

Sai da Misbahu ya ce ya ji ya ɗauka sannan mutumin ya yarda aka kama shi aka ɗora a babur. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga, haka suka fita ba takalmi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a kwatas ɗin ma'aikata da ke Dutse. Davou mutumin Filato ne, Kirista, ma'aikacin lantarki a wata ma'aikatar gwamnati, yakan ce shi da jihar Jigawa rana ɗaya suka kama aiki. Misbahu kuwa malamin lissafi ne a sakandare, ga gemu, in liman bai zo ba shi ake turawa gaba a masallacin layin. Farkon shigarsa ɗakin Davou faɗa ya kai shi, wai ƙarar wasan yara ta hana shi gyaran takardun ɗalibai. Davou sai ya miƙa masa hannun gem na biyu ya ce ya riƙe masa wannan ɗan mutumin kafin 'yarsa Zipporah ta dawo daga aike. Yarinya ta dawo, ta tsaya, ta gaji ta tafi. Daga ranar, in aka idar da la'asar, an san inda Malam yake.

Mutum ne mai ra'ayi, Davou, kuma ba sai ka tambaye shi ba. Kanta guda ya cika da kaset-kaset na bidiyo, rabi katun, rabi na jaruman nan masu ɗaura mayafi a wuya su tashi sama. Ya kalle su duka, ya kuma raina yawancinsu.

"Wannan da harsashi ba ya huda shi, jirgin ƙasa ba ya karya shi, ni ina ruwana da shi?" in ji shi. "Jarumi shi ne wanda in ya yi faɗa yau, gobe sai matarsa ta gasa masa jiki da ruwan zafi."

"To ai mai tashin ya fi ceton mutane."

"Malam, kai fa matsalarka son banza. Wanda ba ya jin tsoro, me ya yi na jarumta?"

Katun ma sai na dā, wanda aka zana da hannu hoto bayan hoto. Sababbin na kwamfuta cewa yake fuskokinsu kamar bokitin roba. Gem kuwa, da aka fara kawo na faifai daga Kano, wanda ake ajiye wasa a dawo gobe a ci gaba, tsaki ya yi. Ya ce wasan da za ka ajiye ka dawo ka tarar, wannan ai aikin ofis ne. Shi dai tsohuwar na'urarsa mai kaset, wadda sai an hura mata iska da baki take kamawa, ba ta san ajiya ba. In ka mutu ka mutu, in wuta ta ɗauke shi ke nan. Shi ya sa ya haɗa mata waya da batirin mota.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, bayan rikicin da ya faru a Kaduna, matarsa Angelina ta kwashe yara ta koma gida. Da yawa sun tafi a lokacin. Davou ya ce shi ba inda za shi. Aka rufe gidajen kallo na cikin gari, mutane suka fara kallon Misbahu in ya doshi ƙofar maƙwabcinsa, shi kuwa ya koyi shiga da sauri.

A asibitin Dutse aka ce ƙoda ce, sai Kano. Aka aika wa Angelina, ta wuce can kai tsaye. Makullin gidan ya dawo hannun Misbahu.

Nan wahalar ta fara. Batir ba ya daɗewa, ga zafin bazara, na'urar in ka taɓa ta kamar murfin tukunya. Ya ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ya aro batir na biyu. Davou ya taɓa nuna masa yadda ake canji: a maƙala sabon tukuna, sannan a cire tsohon, kada a bar ko ƙiftawar ido babu wuta. Haka Misbahu yake yi kullum. In ya gama sai ya kunna talabijin ya duba. Suna nan. Mai farar hula, na Davou, ƙafarsa a sama.

Jaji mai cajin batir a bakin tasha shi ya fara sa ido.

"Malam, wai mota ka saya ne kake ɓoye mana? Batir safe, batir yamma."

"Wani ɗan aiki ne."

"Allah Ya sa albarka. Amma aikin nan yana shan wuta."

Matarsa Rukayya ma abin da ya gaya mata ke nan, wai yana leƙa gidan ne saboda ɓarayi da gara. Kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya. Ta yaya magidanci mai 'ya'ya, mai jan salla, zai buɗe baki ya ce yana jigilar batir ne don kada wasu 'yan mutanen talabijin su mutu? Ta san yana buga wasan, ta sha yi masa dariya a kai, amma ba ta san kashewa tana share komai ba.

Ranar Asabar ya hau mota ya je Kano. Da ƙyar ya gane Davou. Fuskar ta kumbura, idanun sun shige, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Angelina ta ba shi kujera ta fita wanke kwanuka. Ya ajiye ledar dabinon da ya kawo, ya ma rasa ko mai wannan ciwon yana ci.

"Suna nan?" Abin da Davou ya fara tambaya ke nan.

"Suna nan tsaye. Rayuka biyu gare ka, ni ɗaya."

"Kai dai ba ka iya tattali ba." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Ka ga ikon Allah. Ni da nake zagin masu ajiye wasa, yau ga ni ina roƙon a ajiye mini."

"Ka warke ka zo mu buɗe ƙofar nan kawai."

"Me kake tsammani yana bayanta?"

"Wani ƙaton dodo mana."

"A'a. Masu yin wasan dā suna da tausayi. Ni ina ganin gida ne. Ka sha wuya ka ratsa kogi, ka ratsa wuta, sai su mayar da kai gida." Ya lumshe ido. "Kada ka shiga kai kaɗai fa, Malam. Na san halinka."

"Wallahi ban taɓa ba."

"Na sani. Tsokanarka nake."

A mota, kan hanyar dawowa, Misbahu ya yi ta yi masa addu'ar samun sauƙi a zuci. Ya san abin da idonsa ya gani, amma ya ƙi yarda. Shi a ransa, muddin fitilar nan tana ci, akwai abin da zai dawo da mutumin Dutse. Ya san wannan ba hankali ba ne, ba kuma addini ba ne, amma haka ya ji.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Babu darasi a gabansa, ya zame daga makaranta ya je wurin Jaji, aka ɗaure masa batir a bayan babur da tsohuwar roba. Yana shigowa layin ya hango ƙofar gidan Davou a buɗe. Tabarmi shimfiɗe a gindin katanga, ya gane tabarmin gidansa ne. Takalman mata a bakin ƙofa. Wani mutumin cocinsu Davou yana tsaye da hularsa a hannu.

Ya gane. Babu wanda zai ga wannan bai gane ba. Amma bai tsaya wurin mutumin ba, bai ma kafe babur ɗin da kyau ba, ya kutsa ɗakin yana taka takalman mutane.

An share ɗakin tsaf, an jera kujeru a jikin bango. Talabijin da na'urar an lulluɓe su da wani zanen Rukayya mai ruwan goro. Ya ɗaga zanen. Fitilar ba ta ci. An cire wayoyin daga kan batir, an naɗe su da kyau an ɗora a sama. Ya sa tafin hannunsa a kan na'urar, da sauran ɗumi.

"Wa ya cire?"

Rukayya ce ta matso, tsintsiya a hannu, idanunta jawur. "Ni ce, Malam. Ɗazu aka zo da saƙon, ba ka nan, na ɗauko makulli a ƙusa. Baban Zipporah ya rasu da asuba." Ta nuna na'urar da tsintsiya. "Na ga abu a kunne. Gidan rasuwa ne, ga mutane za su shigo gaisuwa, a tarar da kayan wasa suna ci? Na ce kada a ce ba mu san darajarsa ba."

Ya buɗe baki. Me zai ce mata? Abin da uwarsa za ta yi ta yi, abin da kowace mace a layin nan za ta yi. Shi ne bai gaya mata ba.

"Kin kyauta," ya ce. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya mayar da zanen yadda ya same shi. Sannan ya durƙusa a wurin, gaban matan unguwa da matan coci, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun mutuwar mahaifinsa. Matan suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa tana cewa maƙwabtaka ke nan, Allah Ya ba da haƙuri.

Washegari motar da ta ɗauko gawar daga Kano ta biyo ta Dutse, don Angelina ta ɗauki kwat ɗin da za a sa masa. Maza suka fito daga masallaci suka jeru a bakin titi, har da waɗanda suke kallon Misbahu in zai shiga gidan. Angelina ta rame, muryarta ta dishe. Ta kira shi gefe.

"Malam, na gode. Allah Ya biya ka."

"Allah Ya ba ku haƙuri, Maman Zipporah. Bai bar wata magana ba?"

"Ba ya iya magana sosai a ƙarshe. Yana dai ta tambaya ko mutanensa suna nan tsaye. Na ce masa suna nan, kowa yana gaishe shi." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Abin wasan nan ka ɗauka. Yaran sun girma, ni kuma ba zan iya ganinsa ba."

Motar ta ɗauki hanyar Birnin Kudu, ta nufi Filato. Aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa.

Na'urar ta yi kwanaki a ƙarƙashin gadonsa bai taɓa ta ba. Wata rana bayan la'asar ya jawo ta, ya haɗa da ƙaramar talabijin ɗinsu, ya maƙala batirin da Jaji ya cika. Ba ta kama ba. Ya zare kaset ɗin ya hura, ya mayar. Kiɗan farko ya tashi. Rukayya ta leƙo daga tsakar gida, ta ga abin da yake yi, ta saki labulen a hankali.

Layi biyu ne suka fito a fuskar talabijin, na sama mutum ɗaya, na ƙasa mutum biyu, da 'yar kibiya tana jiran a zaɓa. A duk shekarun nan bai taɓa lura da wurin ba, Davou ne yake danna shi ya wuce. Ya zauna a tabarma da hannun gem a cinyarsa, ɗayan yana ajiye a gefe, wayarsa a miƙe. Kiɗan ya kai ƙarshe ya sake farawa, kibiyar tana ta ƙiftawa.