Karkiyar Ranar Lahadi

Ishbel MacRae ta ɗaura wa shanu karkiya ranar Lahadi, ta fitar da amalanken ubanta daga cikin rafi.

A shekarar muna kora tumaki zuwa yammacin Queensland, inda gwamna ya yanka mana fili. Duk mutanen tsibirin Skye ne mu, daga can muka ƙetaro teku. Ba mu da fasto. Lachlan Matheson, dattijon ikilisiya, shi ke ja mana sujada, shi ne kuma zai raba filin in mun isa. Ranar Ubangiji ba ma aiki. Ruwa tun Asabar ake ɗiba, ba a aski, ba a ɗora wa dabba komai a wuya. Haka muka taso, kuma har yau ban ga laifin hakan ba.

Ina da ɗan wa, Murdo. Ni na riƙe shi tun da teku ta ci ubansa. Yana son Ishbel, ita ma tana sonsa. Kowa ya sani. Da yamma yakan saro mata itace, ita kuma ta ajiye masa gefen burodin da aka gasa a toka, mai ɓawo. Na riga na yi masa alkawari, in mun tsallake duwatsu ni zan je nema masa aurenta.

Wata Asabar muka sauka a bakin wani busasshen rafi. Kowa ya tsaya a kan gaɓa, sai Ewen, uban Ishbel, ya shigar da nasa amalanken cikin rairayi saboda inuwa. Matarsa na kwance a ciki, bayanta ya riƙe, ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara. Ni da Ewen muka hau tudu da tumaki, can za mu kwana.

Washegari ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba. Can kan duwatsu ne hadari ya zuba. Ana tsakiyar sujada a bayan gaɓa, Ishbel ta ga kumfa da karare suna gangarowa a kan rairayi. Ta ruga ta katse wa Lachlan karatu. Ya ce Ubangiji ya san ranarsa, in tana tsoro a ɗauko uwar a bargo, amma ba a taɓa shanu ba. Ta ce uwar ba ta ɗaukuwa, kuma irin shukarsu da garinsu duk suna ciki. Ya ci gaba da karatu.

Kafin a tashi daga sujada amalanken yana kan gaɓa. Ba a jima ba rafin ya cika har baki, yana tafe da itatuwa.

Da la'asar muka sauko, ni da Ewen, muka tarar an tara jama'a. An tsayar da ita a kan akwatin gari, kai ba ɗankwali, yadda ake yi wa mai laifi. Siket ɗinta duk taɓo.

"Mace ɗaya ba ta ɗaga karkiya," in ji Lachlan. "Wa ya taya ki?"

Ta ƙi ambaton sunan kowa.

Ya bi mazan ɗaya bayan ɗaya. Duk suna wurin sujada, ban da Murdo da aka bari gadin dawakai.

"Kai fa, Murdo?"

"Ina wurin dawakai, dattijo."

"Ba ka ga komai ba?"

"Ban gani ba."

Aka tsawata mata a gaban kowa, aka hana ta cin jibin Ubangiji sai ta tuba. Ewen ya sunkuyar da kai kamar shi aka tsayar.

Da safe na je duba karkiyar, don ni ne mai kula da kayan shanu. Turken gefe ɗaya ya karye, an ɗaure wurin da tsirkiyar fata. Na daɗe ina kallon ƙullin. Ƙullin jirgin kamun kifi ne, irin na gidanmu. Ubanmu ya koya mana ni da wana, ni na koya wa Murdo. A duk ayarin ba mai yinsa sai mu biyu.

Na same shi yana wanke takalma a bakin ruwa. Na jefa masa tsirkiyar a cinya.

"Dawakai ne suka ƙulla wannan?"

Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Baffa, da na bar ta, da ruwa ya tafi da su."

"Ban tambaye ka wannan ba. Wannan ka yi daidai. Me ya kama bakinka jiya?"

"Lachlan ne zai raba fili. In ya sa ni a baƙin littafinsa, gefen duwatsu zai ba ni. Da me zan riƙe ta a can? Don ita na yi shiru."

"Don ita. Ita tana kan akwati, kai kana ƙasa da hula a kai."

"Zan faɗa, Baffa. In an raba."

Na ce ya je yanzu. Ya ce tukuna. Ban taɓa dukansa ba tun yana ƙarami, ranar ma ban doke shi ba. Na bar shi da takalmansa. A gidanmu an yi matalauta, an yi mashaya, an yi wanda aka ɗaure saboda ya fasa wa mai gona kai. Ba a taɓa yin wanda ya laɓe a bayan mace ba. Na daina cin abinci a wuta ɗaya da shi.

Amma alkawari na riga na yi. Da muka tsallake duwatsu, wata Juma'a da rana, na sa kwat ɗina na coci, na ɗauki kwalbar wiski da ƙoƙon katako mai kunne biyu da muka zo da shi daga gida. Murdo na bina a baya. Jama'a suka taru a inuwar amalanken Ewen, har da Lachlan. An ɗaga labulen amalanken don uwar ta ji.

A wurinmu ba a ambaton yarinya kai tsaye. Na cire hula na ce, "Ewen, ɗan wana ya kafa garke, ba shi da tunkiya. An ce kana da wata 'yar tunkiya mai kyau. Mun zo ka ba mu."

Ewen ya shafa gemu. Bai san komai ba, farin ciki yake. "Tumakina da yawa, Calum. Bari a fito maka da su ka zaɓa."

Aka turo gwaggon Ishbel, tsohuwa Peigi, tana rangwaɗa da gangan. Aka fashe da dariya.

"Wannan ta sha kiwo," na ce, don haka ake yi. "Amma ba mu da ciyawa mai laushin da haƙoranta za su iya."

"Ji tsohon rago!" in ji Peigi. "Kai naka haƙoran nawa suka rage? Ko kyauta aka ba ni kai, sai an haɗa mini da buhun gari."

Aka sake dariya. Aka turo matar maƙerinmu da goyonta, na ce wannan da shaidar wani a kunnenta. 

Sannan aka fito da Ishbel. Ta sa farin ɗankwali. Ta rame.

"Ita ce," na ce.

"Na ba ku," in ji Ewen. "In ta sha."

Na zuba wiski a ƙoƙon. Namiji ke fara sha, ya miƙa wa macen. In ta kurɓa, magana ta ƙare. Murdo ya sha, ya miƙa mata da hannu biyu. 

Ba ta karɓa ba. Ta dube shi, ba da fushi ba. Na ga tana so ta karɓa, wannan ne ya fi ci mini rai.

"Murdo," ta ce a hankali, "tambaya ɗaya. Ranar da ruwa ya zo, ina kake?"

 Lachlan ya ɗago kai. Na matsa kusa da yaron har kafaɗata ta taɓa tasa, don ya san in ya faɗa ba shi kaɗai zai tsaya ba. A raina ina roƙon Ubangiji ya buɗe masa baki. Ban taɓa roƙon wani abu haka ba, ko ranar da muke neman gawar ubansa.

Ya dubi Lachlan. Ya dubi ƙoƙon.

"Ai kin sani, Ishbel. Mu bar maganar sai mun isa."

"Na sani. Su nake so su ji."

"Ina... ina wurin dawakai."

Na ja kafaɗata. Na mayar da hulata.

Ewen ya rasa gane abin da ke faruwa. "Wane irin zance ne wannan a ranar farin ciki? 'Yata, karɓi ki sha, hannun yaro ya gaji."

Ishbel ta mayar da hannuwanta baya.

"A'a, Baba. Ba zan sha ba."