Kujerar Yaya Maje

Yayana Malam Maje ya fi kowa surutu a Fagge a kan gidan gwajin ruwan nan na gwamnati da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Malamin makaranta ne, kuma kullum zancensa ɗaya: Bature guda ke yanke komai a gidan, 'ya'yanmu sai wankin kwalabe, ba a tura su koyon aiki. Ya yi ta nacin a kafa kwamiti har da 'yan ƙasa. Da aka kafa, aka ba shi kujera. Ranar ni Ummakulsum na yi guɗa har muryata ta dushe, don ban san abin da nake yi wa guɗar ba.

Ɗansa na fari, Abdulmuminu, a gidan yake aiki. Ni na goye shi, ni ce kuma mai kiran sunansa, don ubansa sai dai ya ce "yaron nan", kunyar ɗan fari. Babban ma'aikacin wurin, Nwabueze, mutumin Sabon Gari, shi ya koya masa leƙa madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta a ɗigon ruwa. Da aka ce kwamiti zai zaɓi mutum ɗaya a kai shi Ibadan karatu, kowa ya san ko waye. Har akwati na saya masa.

Da yammacin ranar zaman kwamitin sai ga Nwabueze a zaurenmu, ko kekensa bai jingine da kyau ba.

"Gwaggo, abin ya lalace," in ji shi. "Mutum biyu suka rage, Abdulmuminu da Mala ɗan Alhaji Kyari mai kanti a Kwari. Bature ya tambayi Malam game da Mala. Malam ya yabi gidansu, ya yabi kakansa. Sai Bature ya ce, to ɗanka fa?"

"Me ya ce?"

"Ya sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ya ce a tambayi wani. Bature ya ce tunda uban da ya haife shi ya kasa shaidarsa, akwai abin da ba mu sani ba. Ni ba ɗan kwamiti ba ne, Gwaggo, ina tsaye a bango, ba ni da baki."

Sauran 'yan kwamitin namu sun san sarai me shirun yake nufi. Ba wanda ya buɗe baki ya fahimtar da Baturen. Biyu daga cikinsu a kantin Alhaji Kyari suke yankan shadda.

Raina ya ɓaci, na tari Yaya a ƙofar ɗakinsa.

"Yaya, kalma ɗaya fa! Ka ce yana da ƙwazo, shi ke nan."

"Ji ki da wata magana. In yabi abin da na haifa a gaban manya? Gobe a ce don shi na nemi kujerar?"

Na zaci iyakarta ke nan, mu jira baɗi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A zama na gaba, don ya wanke kansa daga zargin da babu wanda ya yi masa, Yaya ya kawo shawara: kada a ƙara zaɓen ɗan wani ɗan kwamiti muddin ubansa na kan kujera. Bature ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce irin shugabannin da Arewa ke bukata ke nan. Aka mayar da ita doka. A masallacin unguwa har addu'a aka yi masa.

Mala ya tafi Ibadan, damina ba ta kai ƙarshe ba ya dawo, wai abincinsu bai karɓe shi ba. Gurbin ya tafi a banza.

Abdulmuminu bai ce wa ubansa komai ba, ba a haife shi da wannan bakin ba. Ni ya samu ina tankaɗe, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon rariya.

"Gwaggo, kujerar nan ta shekara nawa ce?"

Na tambayo Nwabueze. Ya ce ba a sa mata wa'adi ba.