Mai Jego a Kan Rufi

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya kama, zafin garin Tucson ya fara nuna hali, Anselmo Quijada yakan jingina tsani ya hau rufin gidansa ya tada injin sanyi. Aikin ba wuya: a yaye tamfol, a sauya tabarmin ciyawar da ke gefunan injin, a buɗe ruwa ya jiƙa su, fanka ta hura iska mai laima cikin ɗakuna. Bana ma ya hau, filaya a aljihu, yana nishi irin na mai shekara saba'in da ɗoriya. Ya kama bakin tamfol ke nan sai ya ji gurnani.

Kyanwar daji ce, irin mai guntun bindin nan da tukkun baƙin gashi a kunnuwa, ta yi biyun kyanwar gida. Tana kwance a inuwar injin, 'ya'ya uku manne da cikinta, ko ido ba su gama buɗewa ba. Ba ta ko motsa ba. Kallonsa kawai ta yi, irin kallon da ake wa wanda ya faɗo ɗakin mutane ba sallama. Anselmo ya saki tamfol a hankali, ya sauko da baya.

Matarsa Herminia na kan gado, inda take tun bara da ciwo ya shanye mata ɓarin hagu. Bakin dai, alhamdu lillahi, bai taɓu ba.

"Tsoho, ina sanyin? Ko injin ne ya fi ƙarfinka?"

"Baƙuwa muka yi. Kyanwar daji ta haihu a ƙarƙashin tamfol."

"Kai! Ashe ita nake ji tana takawa a saman kaina. Nawa ta haifa?"

"Uku. Bari in ɗauko murfin tukunya."

Haka ake yi a unguwar. A buga tukwane, a watsa ruwan tiyo, uwar ta kwashe 'ya'yanta ta ƙara gaba. In an yi sa'a ke nan. In ba a yi ba, ta firgita ta bar ɗaya a kan rufi, rana ta ƙarasa shi kafin tsakar rana.

"Mai jego za ka kora da murfin tukunya?" in ji Herminia. "Anselmo, ka ji kunya. Ajiye."

"Likita fa ya ce zafi ba naki ba ne."

"Likita bai taɓa jego ba."

Ya ajiye. Wanda ya yi shekara hamsin da mace ya san inda gardama take ƙarewa.

Da yamma 'yarsu Noemí ta bugo waya daga birnin Phoenix, ta ji labari, ta tada murya. "Baba, ba wasa nake ba. In Asabar ta yi injin nan bai tashi ba, zan zo in ɗauki Mama ta zauna wurina."

Anselmo ya ajiye wayar. Tun ranar baftismar jikansa, da surukinsa Rigoberto, mijin Noemí, ya ce masa a gaban baƙi ya sayar da wannan akurkin nasa tunda tsufa ya ci ƙarfinsa, Anselmo ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka gidan surukin ba. Bai kuwa sake ba. In aka ɗauke Herminia, an ɗauke ta zuwa inda ba zai iya bin ta ba. Shi kuma bai taɓa kwana babu numfashinta a gefensa ba, kuma yana tsoron abin ƙwarai, ko da bai faɗa wa kowa ba.

To, da tsohuwar zuma ake magani. Ya tuno yadda uwarsa take yi kafin zuwan injuna. Ya tsoma zannuwan gado a bokiti, ya rataya a tagogi da bakin ƙofa, ya kafa fanka a bayansu. Ɗakin ya yi sanyi kuwa, amma iskar hamada ba ta da imani: kafin ya dafa wake ya ɗumama gurasar tortiya, zannuwan sun bushe ƙayau. Ya sake jiƙawa. Ya goge wa Herminia wuya da damtse da tsumma mai sanyi, ya ba ta ruwa a cokali, ya koma famfo.

Ita kuwa kunnenta na sama. "Ji, ji! Ƙaramin ne yake kuka. Uwar ta tafi farautar zomo." Rabon da ya ga idonta da haske haka tun kafin ciwon. Da sassafe yakan tura ta a kekenta na marasa lafiya zuwa bakin taga, su ga uwar ta sauko ta bishiyar da ke jingine da bango, ta tsaya ta miƙe, ta ratsa tsakar gida kamar ita ta gina shi.

Ran Alhamis da tsakar rana, yana shigowa da bokiti, ɗakin ya juya masa. Sai ganin kansa ya yi zaune a ƙasa, ruwa na malala ƙarƙashin gado.

"Santsi ne," in ji shi.

"Santsin ƙaniyarka. Dubi leɓenka, ya yi fari." "Miƙo min wayar."

"Tsohuwa, bari in hau in kore ta. Yanzu-yanzu."

"Ba za ka kore ta ba, kuma ba zan kwanta ina kallo ka mutu da bokiti a hannu ba. Miƙo."

Da kanta ta kira Noemí. Anselmo na zaune cikin ruwa yana ji, hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya share ba.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Noemí ta shigo da faɗa a baki, amma da ta ga zannuwan da ke rataye da yadda ubanta ya rame, sai ta haɗiye. Suka ɗaga Herminia zuwa kujerar baya, suka jera mata matasai, aka naɗe keke aka sa a but. Herminia ba ta dubi mijinta ba, rufin take kallo. Can a bakin katangar rufin ga kunnuwa biyu masu tukku sun leƙo.

"Ki yi jegonki lafiya," in ji ta a hankali.

Anselmo ya koma ciki ya daɗe. Noemí har ta tada mota. Sai ga shi ya fito, hular zuwa coci a kansa, 'yar jaka a hannu. Ya cika tasa da ruwa ya ajiye a gindin bishiyar, ya kulle ƙofa, ya girgiza ta ya tabbatar. Ya zagayo ya buɗe ƙofar bayan motar, ya zauna kusa da matarsa, ta ɓarin da ke da lafiya.

Noemí ta dube shi ta madubi. "Baba, ka san gidan wa za mu?"

"Na sani."

"Rigoberto na gida fa."

"Na ce na sani. Ja motar, 'yar nan, kafin zuciyata ta dawo."

Herminia ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.